Malama Barakatu Mai Ba Da Kiwon Kalmomi

Ku matso nan, ku gyara zama. Mai tabarma ya shimfiɗa, mai kujera ya jawo kusa, don labarin wata mata zan ba ku, malama a wata sakandaren 'yan mata ta je-ka-ka-dawo a garin Shinkafi, sunanta Barakatu. Ba 'yar sarauta ba ce, ba ta kuma taɓa riƙe muƙamin da ya wuce na malamar aji ba. In kun gamu da ita a hanya, gajeriyar mace za ku gani mai saurin tafiya kamar an aike ta, gefen hijabinta na dama kullum fari da ƙurar alli, don nan take goge hannu. Amma in kun ji 'yan mata a bakin famfo suna gardama, wannan na cewa kalmarta ta haihu, waccan na cewa ta wance ta rame har ana ganin haƙarƙarinta, kada ku ɗauka wani abu ya taɓa su. Ɗalibanta ne.

A Katuru aka haife ta, gidan manoman gero da dawa masu ɗan kiwo a bayan gida. A ɗakin kakarta, Inna Maimunatu, ta tashi. Tana yarinya aka yi wata shekara da ciwo ya shiga dabbobi, ya share turakun gidan nan tas, ko akuya bai bari ba. Ana cikin wannan jimami sai ga wata ƙawar Inna, Bafulatana daga rugar da ke bayan gari, ta jawo jar karsana da hannunta ta ɗaure a turke. Fulani suna kiran wannan al'ada habbanaye. Ba kyauta ba ce, ba kuma sayarwa ba. Za ka riƙe saniyar, ka ciyar da ita, ka sha nononta. In ta haihu, maruƙan naka ne. Uwar kuwa ka mayar wa mai ita da godiya, shi kuma ya miƙa wa wani mabuƙaci. Barakatu aka ɗora wa kiwon jar karsanar nan. Ita ke yanko mata ciyawa, ita ke cire mata kaska, ita ke kai ta ruwa. Ranar da aka mayar da uwar ta bi ta da kuka har bayan gari, amma da ta dawo ta tarar da maruƙa a turke suna jiranta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A sakandare ta faɗa son Turanci, sanadin wani matashin malami, Malam Attahiru, wanda in yana karanta waƙar Turanci a aji sai ya manta da akwai mutane a gabansa. Shi ya fara ce mata tana da bakin lauya, ita kuwa ta ɗauki maganar da gaske. To, karatun lauya ba ya samuwa sai da sakamako mai kyau a Adabin Turanci, kuma hanyar koyon manyan kalmomi a lokacin guda ɗaya ce: malami ya cika allo, ku kwafa, ku haddace. Barakatu ta haddace har tana maimaitawa tana daka. Ranar jarrabawa aka kawo musu wani rubutu da ba su taɓa gani ba, aka ce su yi sharhi a kai. Ga kalmomin nan a ciki, ta san ta haddace su, amma duk sun ƙi yi mata aiki. Kun san yadda mutum ke haɗuwa da wani a kasuwa, ya san fuskar nan sarai, amma sunansa da gidansu da inda suka san juna duk sun ɓace masa? Haka ta zauna tana kallon takarda har aka ce a ajiye biro. Ta faɗi. Karatun lauya ya wuce ta.

Ta yi karatun malanta, ta yi aure, ta haihu, ta koma ta ƙaro ilimi, sannan aka turo ta Shinkafi. Wa za ta tarar a kujerar shugaban makaranta? Malam Attahiru. Ya yi furfura, ya daina karanta waƙa da ƙarfi, takardun ofis kawai yake karantawa yanzu. Ya ba ta ajin Adabi, ajin da kowane malami ke gudu, don shekara da shekaru sakamakonsa ne ke zubar wa makarantar da mutunci.

Ranar da ta fara shiga, 'yan matan sun buɗe littattafai suna jiran ta cika allo. Sai ta zauna a gefen tebur ta ce, "Ni ba ni ba ku kalma ku haddace. Kiwo za ni ba ku."

Suka kalli juna. Ta ba su labarin jar karsana, sannan ta faɗi ƙa'ida. Kowace yarinya za ta karɓi babbar kalma guda daga cikin littattafan da suke karantawa, ita ce uwa. Za ta tafi da ita gida ta ciyar da ita, kuma abincin kalma shi ne a ɗora ta a kan abin da ka gani da idonka, a gidanku ko a unguwarku, ba abin da ke cikin ƙamus ba. Kafin ta dawo da ita sai ta haihu: a samo mata wadda ta yi kama da ita, da wadda ke gaba da ita, wato kishiyarta, da wadda ta fito daga jikinta. 'Ya'yan sun zama naki har abada. Uwar kuwa ki mayar, a ba wata.

Ranar mayarwa ita ce Alhamis, ranar da kasuwar Shinkafi ke ci. Don haka 'yan matan da kansu suka raɗa wa darasin suna kara, wato sunan wurin cinikin dabbobi. Tun da akwai kara, dole a sami dillali. Aka naɗa Nazifa, doguwar yarinya mai baki kamar reza, wadda tun tana aji ɗaya take gaya wa kowa lauya za ta zama.

Bari in ɗan leƙa da ku wata Alhamis ku ji yadda ake yi. Rumaisa'u ce ta fito gaban aji, yarinya mai barkwanci, ba ta kuma son wahala. Kalmarta ita ce reluctant.

Nazifa ta zagaya ta kamar mai duba tunkiya. "Buɗe mata baki mu ga haƙora."

Rumaisa'u ta miƙe wuya ta zazzago ma'anar da ta haddace daga ƙamus, ba ta ko numfasa ba.

"Albarka!" Aji ya ɗauka gaba ɗaya, kamar yadda mai dabba ke cewa in an yi masa tayin raini.

"Wagga ai ƙamus yac ciyar da ita, ba ke ba," in ji Nazifa. "Ku dubi ƙashin bayanta. Mi tac ci gidanku?"

"Ke kuma dillaliyar banza, sai ka ce ubanki na da shanu."

"Babu, shi ya sa nika duba na mutane da kyau. Mi tac ci?"

Rumaisa'u ta sosa ƙeya ta saman hijabi. Can sai ta ƙyalƙyale da dariya ita kaɗai, ta haɗa jimla da Turanci a kan yayanta Ɗahiru: in innarsu ta aike shi ɗebo ruwa, ba ya cewa a'a, zai ɗauki jarka ya tafi, amma yana jan ƙafa kamar ƙasa ce ke riƙe shi. Aji ya ɓarke. Akwai waɗanda suka san Ɗahirun, har da buga benci.

Malama ta ɗaga hannu. "Kun ji ta ke nan. Ba wanda yaƙ ƙi ba na. Wanda yat tafi, amma zuciya tai ba ta bi shi ba. Yanzu ku buɗe littafi ku duba inda marubuci yas sa ta, ku gaya mani don mi bai ce mutumen ya ƙi ba kawai."

Nan fa ake shiga ainihin karatun. Yarinyar da ta ga Ɗahiru da jarka ba ta sake ɓata a wannan shafin. Ta san abin da marubucin ke nufi, har tana iya gardama a kai. A hankali aka wayi gari turken kowace yarinya ya cika. Suna fita hutun tara suna jifan juna da manyan kalmomi, wata ta kira wata da kalmar da sai ta koma aji ta tambaya kafin ta san zagi ne.

Malam Attahiru bai taɓa son hayaniyar ba. Yakan tsaya a ƙofa ya ce, "Malama, wanga aji na ko kasuwa?"

"Kasuwa ta, Malam. Bismillah, shigo ka taya."

Sai ya girgiza kai ya wuce.

Ana nan sai ga shekarar nan da kowa a yankinmu ya sani, da ta'asar 'yan bindiga ta kai aka rufe makarantu, aka rufe kasuwannin mako, aka yanke layukan waya. Har karar gaskiya ta daina ci, balle ta Malama. Umarnin ya zo a tsakiyar mako, kafin Alhamis, don haka kowace yarinya ta tafi da uwar da ke hannunta. Suka watse. Aka kai Nazifa Kaura Namoda wurin gwaggonta. Rumaisa'u ta koma gidansu a Katuru. Akwai wata shiru-shiru mai suna Mardiyya, wadda ke zaune wurin kawunta a Shinkafi saboda karatu, ita kuma mahaifinta ya zo ya mayar da ita wurin danginsu a ƙasar Zurmi. Babu waya, hanya kuwa sai ta kama dole ake binta.

Waɗanda suka rage a cikin gari ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba. Malama ta riƙa tara su a tsakar gidanta duk Alhamis da hantsi, kusa da turmi, a ci kara a tashi. Mijinta ya ce mata, "Ke da anka ce a huta?" Ta ce, "An rufe makaranta na, ba a rufe bakina ba." Sauran kuwa, na nesa, ba ta da yadda za ta yi da su. Sai dai in an tambaye ta takan ce, "Dabbobina suna hannun mutane. Za su dawo."

Bayan watanni aka buɗe makarantu. 'Yan ajin Adabi, waɗanda yanzu suke ajin ƙarshe, suka riƙa dawowa ɗaya-ɗaya. Wasu ba su dawo ba sam, iyayensu sun yi ƙaura. Da safiyar wata Litinin shugaba ya aika a kira ta.

"Zauna, Barakatu."

Da ta ji ya kira sunanta babu Malama, ta san akwai magana.

"Jumma'a za ni aika da sunayen masu jarrabawar fita, da darussan da kowace za ta ɗauka. Na cire Adabi. Bana dai."

Barakatu ta san irin wannan "bana dai". Darasin da aka cire sau ɗaya, baɗi za a ce babu lokacinsa a jadawali, baɗin baɗaɗa a ce babu malaminsa. Daga nan kuma duk yarinyar da ta fito daga makarantar nan, ƙofar karatun lauya a rufe take gare ta tun kafin ta ƙwanƙwasa.

"Don mi, Malam?"

"Kin fi ni sani. Ɗiyan ga sun yi watanni ba su ga allo ba. Akwai waɗanda sunka kwana daji. Ko sadda ake zaune lafiya nawa ka ci? Ba ni kai su inda na san kayar da su za a yi. Su ɗauki abin da za su iya."

Kada ku ɗauka mugu ne. Mutum ne da ya gaji da ganin 'yan mata suna kuka a gaban allon sakamako.

"Nazifa fa? Lauya taka son zama."

"Lauya!" Ya cire tabarau ya murza ido. "Barakatu, ki dubi inda muke."

"Na duba, Malam. Nan dai muke sadda kac ce mani ina da bakin lauya."

"To, kuma mi yaf faru?"

Maganar ta fito kafin ya kama ta. Barakatu ta goge hannunta a gefen hijabi, alhali babu alli a jiki.

"Na faɗi," ta ce. "Amma cikin zauren jarrabawa nif faɗi, da birona a hannu. Ba bisa teburin wani ba. Ka zo kara ranar Alhamis ka gani da idonka, sannan ka aika da abin da kaka so."

"Ba ni zuwa. Na gama magana."

Ta miƙe. A bakin ƙofa ta juyo. "To, kara za ta zo."

Akwai wani tsohon dogonyaro da inuwarsa ke sauka daidai tagar ofishin shugaba. Ranar Alhamis da hantsi sai malamai suka ga 'yan ajin Adabi suna fitowa da bencina bibbiyu, suna jerawa a ƙarƙashinsa. Wata malama ta ja Barakatu gefe ta raɗa mata, "Baiwar Allah, takardar tuhuma kika nema."

"A rubuto. Sai mu karanta ta cikin aji, wataƙila mu sami kalma ko biyu."

Aka buɗe kara. Nazifa ce ta fara, tun da dillali ma yana da nasa kiwon. Kalmarta ita ce tenacious, wato mai riƙe abu gam, ya ƙi saki duk wuya. Ta ce a Kaura ta ciyar da ita da wani tsoho mutumin Banga, maƙwabcin gwaggonta, wanda aka kore shi daga gonarsa, ya zo gari ya sami wani kangon fili bayan gida ya shuka gero, awaki suka cinye, ya sake shukawa, suka cinye, ya yi shinge da ƙaya ya sake shukawa. Ta jero 'ya'yan kalmar da ƙarfi, fuskarta na kallon taga. Aji ya ce, "An sallama!" da muryar da ta fi ta kullum. Sai aka ji ƙarau, an rufe tagar daga ciki.

"Ci gaba," in ji Malama. "Gilashi ba shi hana ji."

Wasu suka fito, aka yi ta tayi, ana "Albarka", ana dariya. Sannan aka zo kan Mardiyya. A makon ta dawo, ta rame, kuma tun da ta dawo ba wanda ya ji muryarta. Kalmar da ta tafi da ita ita ce desolate.

Nazifa ta buɗe baki za ta yi tsiyar da ta saba, ta dubi fuskar yarinyar, ta fasa. A hankali ta ce, "Mi tac ci, Mardiyya?"

Mardiyya ta yi magana da Turanci, muryarta ƙasa-ƙasa, tana tsayawa tana neman kalma, ba wanda ya taya ta. Ta ce bayan mutanen ƙauyensu sun gudu cikin Zurmi, wata rana ta bi mahaifinta suka koma ɗebo hatsi daga rumbu. Suka tarar da ƙofofi a buɗe. A gidan maƙwabta ga turmi da taɓarya a ciki, yadda mai dakan ta bar su. Ciyawa ta fito a harabar masallaci. Tun daga shigarsu har fitarsu ba su ji carar zakara ba, ba su ji kukan yaro ba. Ta ce nan ta san kalmar. Da aka tambaye ta 'yar da ke gaba da ita, ta ce bustling, kuma da ƙauyen nan dai ta ciyar da ita, ranar sunan ƙanenta, sadda hayaƙi ke tashi daga kowane gida, mata na ɗaga murya don su ji juna.

Ba wanda ya ce albarka, ba wanda ya ce an sallama. Hayaniya ba ta fito da Malam Attahiru ba, shirun nan ne ya fito da shi. Da suka ɗaga kai yana tsaye a bakin baranda, hannu a baya. Allah kaɗai ya san tun yaushe.

Mardiyya ta koma Hausa. "Malama, ga ta, na maido. Amma don Allah kada ki ba kowa ita. Ta yi ƙiba da yawa."

Kafin Malama ta amsa, Malam Attahiru ya sauko, ya dubi Nazifa. "Ke, dillaliya, matsa. Dillali ba shi duba dabbar abokai nai da gaskiya."

Ya karɓi aikin da kansa, kuma bai yi musu sassauci ba. Ya ɗauki littafin Malama, ya buɗe inda ba su kai ba, ya riƙa nuna wa kowace layi yana tambaya. Wasu suka amsa har ya gyaɗa kai bai sani ba. Wasu suka yi ta kame-kame. Da ya zo kan Rumaisa'u, ta sunkuyar da kai.

"Ina taki?"

"Ranka shi daɗe, ta mutu."

"Ta mi?"

"Ta mutu. Inna ta kwanta ciwo, ni ka daka, ni ka dafuwa, ni ka ɗebo ruwa don Ɗahiru ya tafi Legas. Ran nan nit tuna da ita, nid duba, ko sunanta ban tuna ba."

Ya juya wajen Barakatu. "Kin gani? Wagga za ni kai zauren jarrabawa?"

"Malam, habbanaye in ta mutu ba da sakaci ba, ba a bin mutum bashi. Mai ita shi ka yi mashi jaje, in yana da hali shi ƙara mashi wata." Ta dubi yarinyar. "Rumaisa'u, Allah shi ƙara ma Inna lafiya. In an tashi ki zo ki karɓi wata. 'Ya'yan da kit tara can baya suna nan?"

"Suna nan, Malama. Su ai nawa na."

Malam Attahiru ya daɗe yana kallon Rumaisa'u. Sannan ya ce, "Ke nika tambaya, ba malamarku ba. In na sa sunanki, kin san kina iya faɗuwa?"

"Na sani, ranka shi daɗe."

"Kuma kina so?"

Ta ɗaga kai, barkwancin nan nata ya ɗan dawo. "In na faɗi ai ni nif faɗi. Ko Ɗahiru da jan ƙafa tai yana kaiwa bakin famfo."

Dariya ta kuɓuce wa ajin. Shi ma ya juya baya yana gyara hula, amma an ga kafaɗarsa na motsi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tambayar nan. Biyu suka ce su kam a bar su, sun fi son su mai da hankali kan sauran darussa, kuma Malama ba ta ko ɗaure musu fuska ba. Sauran duk suka ce a sa su.

"Shi ke nan," ya ce. "Wadda tac ce a sa ta, an sa ta. Ku kwashe mani bencinan ga daga bakin taga."

"Saura guda, Malam," in ji Barakatu. "Ta Mardiyya. Ba a barin uwa ba mai riƙo, kuma ba a barinta hannun wadda tag gama nata kiwo." Ta dubi aji. "Wa za ta karɓa?"

Ba hannun da ya ɗagu. Kowace ta kalli ƙasa. Sai Malam Attahiru ya yi gyaran murya.

"Ku ba ni ita. Ni ma ina da abin da za ni ciyar da ita." Ya dubi Mardiyya. "Kin sauke, ɗiyata. Ki karɓi wata mai sauƙi."

Ya kama hanyar ofis. Ya taka matakala ɗaya ya tsaya, ya nuna Barakatu da tabarau. "Ke kuma, akwai kalmarki. Obstinate."

Nazifa ba ta iya riƙe bakinta ba. "Ranka shi daɗe, buɗe mata baki mu ga haƙora."

Malamai da ke leƙe daga baranda suka zuba ido. Malam Attahiru ya dubi yarinyar sama da ƙasa. Sai ga shi ya gyara tsayuwa, ya saki wata jimla da Turanci, da muryar nan da Barakatu ba ta ji ba tun tana 'yar aji biyar, a kan jakin da aka nuna wa gada, aka nuna masa ruwa ya kawo, ya kafe ƙafafu ya ce shi ta ruwan zai bi.

"Albarka!" in ji Nazifa. "Kalmar ta ƙoshi, amma ba turken ta na ba. Tawa ta fi dacewa da Malama. Jakinka bai san abin da yaka riƙo ba. Tsohon Banga ya san gero yaka shukawa."

"Sai ranar Alhamis," ya ce, ya shige ofis. Aka ji ya buɗe tagar.

Ranar Jumma'a sunaye suka tafi da Adabi a ciki. Ba zan yi muku ƙarya in ce duk sun ci ba. Nazifa ta ci da kyau, tana can tana karatun da ta ce za ta yi, kuma an ce har yanzu ba a kayar da ita a gardama. Mardiyya ta ci. Rumaisa'u ta faɗi, ta yi kukanta na yini guda, ta dawo ta karɓi sabon kiwo ta sake zana jarrabawar. Wasu ma sun faɗi. Ajin Adabi dai yana nan a jadawali, kara tana ci duk Alhamis, ta koma cikin aji, sai in zafi ya yi yawa a fito ƙarƙashin dogonyaro. Malam Attahiru ya mayar da kalmar da ya karɓa a kan lokaci, da 'ya'yanta, a gaban ɗalibai. Abin da ya ciyar da ita da shi kuwa, waɗanda suka ji sun ce ba na yawo da shi a gari ba ne, ni ma na bar shi a nan.

Abu ɗaya ne ba a daidaita ba har yau. In ya hango ta tana saurin nan nata da alli a gefen hijabi, yakan ce wa na kusa da shi ga mai taurin kai nan, ya faɗi kalmarsa. Ɗalibanta kuwa sun tsaya a kan ta Nazifa. Ita da kanta an tambaye ta, ta ce ba ta da lokacin wannan, tana da dabbobi a hannun mutane. To ku da kuka zauna kuka ji labarin tun daga jar karsana, in an miƙo muku kalmomin nan biyu aka ce ku ɗaure ɗaya a turken Malama Barakatu, wacce za ku ɗaure?